Wa Ke Biyan Mai Haƙa Kabari? Tarihin Sutura a Arewacin Kaduna

Daga 2001 zuwa 2005 tashar talabijin ta HBO a Amurka ta nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, Six Feet Under, wanda Alan Ball ya ƙirƙira, ya kai kashi 63. Labarin gidan Fisher ne a birnin Los Angeles, iyalin da abincinsu ke fitowa daga hidimar gawa: a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake gyara mamaci, a tsakiyar gida ake karɓar masu makoki, a bene iyalin ke kwana. Tun a kashi na farko maigidan ya rasu, 'ya'yansa maza biyu suka gaji aikin, ga wani babban kamfani yana matsa musu lamba su sayar masa. Mutumin Kawo ko Badarawa a Kaduna da ya zauna kallon wannan wasa, gawar ba za ta ɗaure masa kai ba, don ya saba da ita. Abin da zai tsaya masa a rai shi ne yadda ake zaunar da matar da mijinta ya rasu jiya, a jera mata akwatuna iri-iri, kowanne da farashinsa. A arewacin kogin Kaduna mutum kan cika da asuba, kafin azahar an dawo daga makabarta, kuma babu wanda ya miƙa wa iyalinsa takardar biyan kuɗi. Muna alfahari da wannan, alfaharin kuma yana kan hanya. Sai dai rashin sa wa aiki farashi ba ya sa aikin ya ɓace. Wani ne ke ɗauke da shi, kuma tarihin garin nan na shekara ɗari da 'yan kai ya nuna ko wane ne. Kaduna ma ta haifi gidajen da suka gaji aikin gawa daga uba zuwa ɗa, amma nata sun shafe shekaru ba a biyansu. A ganina al'adar da ta kare mai makoki daga kasuwa abar riƙewa ce hannu bibbiyu, kuma ba za ta ɗore ba muddin nauyinta yana wuyan 'yan tsirarun talakawa.

Kafin wani ya ce ai Bature haka Allah ya halicce shi da son kuɗi, ya kamata a san cewa sana'ar gidan Fisher ba ta daɗe a duniya ba. Har tsakiyar ƙarni na 19 Ba'amurke a gida ake yi masa wanka, matan dangi da na maƙwabta ke yi, kafintan unguwa ya haɗa akwati, a binne shi a harabar coci ko a gona. Yaƙin basasar ƙasar, 1861 zuwa 1865, shi ya sauya lamarin. Samari sun mutu a fagen fama nesa da gida, iyaye suna son gawa ta dawo, hanya kuma ta kwanaki ce, sai masu ɗura wa gawa magani suka riƙa bin rundunoni suna karɓar kuɗi. Da aka kashe Shugaba Abraham Lincoln a 1865, haka aka yi wa gawarsa, aka zaga da ita birni-birni a jirgin ƙasa kusan mako biyu daga Washington zuwa Springfield, jama'a suka yi ta tururuwa suna kallon fuskarsa. Daga nan abin da larura ta kawo ya zama ado. A 1882 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. A 1963 Jessica Mitford ta wallafa The American Way of Death, littafin da ya tona yadda ake tatsar mutane a lokacin da hankalinsu ba ya jikinsu, kuma sai a 1984 wata ƙa'idar gwamnatin tarayya ta tilasta wa gidajen jana'iza nuna farashin kowane abu dalla-dalla. A 2023 ƙungiyar tasu da bakinta ta ce matsakaicin kuɗin jana'izar da ake binnewa dala 8,300 ne, ban da kuɗin filin kabari. Abubuwa biyu ne suka haifi wannan sana'a, nisa da jinkiri. Duk inda gawa za ta kwana ta yini, sai an sami mai ajiye ta da mai gyara ta, kowanne kuma yana jiran ladan aikinsa.

A ƙasar Hausa fiƙihun Malikiyya ya toshe ƙofar jinkiri tun kafin a buɗe ta. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure har ya kai babin jana'iza a Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ko a Muhtasar na Halil, ya san haƙƙin mamaci a kan rayayyu huɗu ne: wanka, likkafani, salla da binnewa. Farillar kifaya ce, idan wasu sun yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya noƙe kowa ya ɗauki zunubi. An so a gaggauta. Wankan da ruwa ne da ganyen magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Likkafani farin ƙyalle ne. Sallar kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada. Gini a kan kabari da yi masa shafe abin ƙi ne. To, a dubi wannan jeri da idon ɗan kasuwa, a ga me zai sayar. Babu akwati, don a makara ake ɗaukar gawa, makarar kuma ta masallaci ce, a kai a dawo da ita. Babu maganin hana ruɓewa, don gawar ba za ta jira ba. Babu dutse mai zane. Abin da ya rage 'yan yadudduka ne na alawayyo, da turare, da itace da tukwanen da ake rufe ramin ciki da su kafin a tura ƙasa. Malaman jihadi sun ƙara ɗaure wannan igiya, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki bidi'o'in makoki da na kaburbura a littafinsa Ihya'us Sunna. Shi ya sa attajirin Unguwar Rimi da ɗan dakon Kasuwar Barci yadi iri ɗaya ake naɗe su da shi, a kwantar da su a rami mai faɗi ɗaya, fuska tana duban alƙibla. Ban san wani wuri a rayuwarmu da daidaito ya tabbata kamar nan ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kare al'adar.

Amma farillar kifaya tana da sharaɗin da littafi bai ambata ba, don a zamanin da aka rubuta shi ba a buƙatar ambata: sai akwai jama'ar da ta san juna. A tsofaffin birane irin Zariya da Kano da Katsina, da ƙauyukan da ke kewaye da su, mamaci yana da dangi a cikin gida, da maƙwabtan da kakanninsu suka zauna tare, da liman, da mai unguwa. Da salati ya tashi daga cikin gida, samari sun ɗauki dagi da fartanya sun nufi makabarta, dattawa sun shiga wanka, wani ya zauna a zaure yana ɗinka likkafani. Wanda ya haƙa yau, gobe ubansa za a haƙa wa. Bashi ne da ake biya da irinsa, ba a rubuta shi, ba a kuma manta shi. Saboda haka idan aka lissafa sana'o'in gado na Bahaushe, ƙira da jima da rini da saƙa da fawa da wanzanci da dukanci da gini, kowacce da sarkinta da masu koyonta, ba a jin haƙar kabari a cikinsu. Aikin kowa ne, don haka bai zama abincin kowa ba.

Kaduna ba ta da wannan gado. Gari ne da Turawan mulkin mallaka suka zana a takarda a ƙasar Gbagyi, inda layin dogo ya ƙetare kogi. Gwamna Lugga ya tsayar da shawara a kan wurin a 1913, aka kawo sojoji, a 1917 aka kwaso hedikwatar lardunan Arewa daga Zungeru. Waɗanda suka cika garin su ne sojoji da leburorin reluwe da masinjoji da kukun Bature da akawuna, sai 'yan koli da mahauta da malamai da suka biyo sawunsu. Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa har yau suna ɗauke da sunan inda mazaunansu na farko suka fito. Babu sarki mai sanda a cikin garin, babu ganuwa, kuma baƙin ba su da makabartar kakanni. Mutum ya taso daga Haɗeja ko Bida ko Borno neman abin kansa, ajali ya riske shi a ɗakin haya, danginsa suna tafiyar kwanaki, addininsa kuma ya hana a jira su. Wato nisan da ya haifi gidan jana'iza a Amurka ya samu a Kaduna tun ranar farko, jinkirin ne kawai ya ƙi samuwa. Da farko mai masauki da 'yan gari ɗaya da jama'ar masallaci ne suka maye gurbin dangi, kuma wannan ya yi aiki lokacin da garin yake ƙarami. Hukumar da ta raba rayayyu wuri-wuri, Turawa a unguwarsu, ma'aikata da 'yan kasuwa a Sabon Gari, leburori da sauran talakawa a Tudun Wada, ta raba matattu ma haka, ta ware wa Musulmi fili a Tudun Wada kimanin shekara ɗari da suka wuce. Fili dai an samu. Tambayar da garin ya yi ta ɗagawa ita ce wa zai tsaya a cikinsa kullum.

Girman gari ne ya tilasta amsa. Kaduna ta zama fadar gwamnatin Jihar Arewa, masaƙu suka fara buɗewa a Kakuri daga 1957, ƙidayar 1963 ta sami mutum kusan 150,000, yau kuma sun haura miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Makabartar da a da ake shiga jefi-jefi ta koma wadda ake kai gawa da yawa a yini guda. Akawun da ke ofis da ma'aikacin masaƙa mai aikin dare ba za su iya fasa ƙasa mai tsakuwa a tsakiyar rani cikin awa biyu ba, ko sun so. Kuma haƙar kabari a tsohuwar makabarta ba ƙarfi kaɗai take buƙata ba. Sai wanda ya san inda aka taɓa binne wani ko da tudun ya baje, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, ya san zurfin da kare ba zai tona ba, ya iya yanka ramin ciki daidai kafaɗar mamaci daga awon da aka aiko da kara ko igiya. Irin wannan sani a wurin uba ake ɗaukarsa. A watan Janairun 2025 BBC ta ba da labarin gidan da ke kula da makabartar Tudun Wada, wadda ta fi kowacce girma a garin. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka fara aikin a shekarun 1970, suka rasu aka binne su a cikin makabartar da suka yi wa hidima, 'ya'yansu suka ɗora. Sama da shekara hamsin gidan yana haƙa, yana wanke gawa, yana kula da wurin, babu albashi, sai abin da masu rakiyar gawa suka ga dama suka bayar. Gab da fitowar rahoton ne ƙaramar hukuma ta sa su cikin masu karɓar albashi, albashin ma bai kai naira 70,000 da dokar 2024 ta yanke a matsayin mafi ƙaranci ba. Ga gidan Fisher na Kaduna ke nan: gado, da yaran da suka tashi a tsakanin kaburbura, da wayar da ba a kashewa dare da rana, amma babu takardar farashi, babu kuma tabbacin abin da za a ɗora a murhu.

Ranar da gari ya kama da wuta aka fi sanin nauyin da ke wuyan waɗannan mutane. A watan Mayun 1992 rikicin Zangon Kataf ya fantsamo cikin Kaduna. A Fabrairu da Mayun 2000 aka yi rikicin shari'a, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka mutu a cikinsa. A Nuwamban 2002 aka yi na gasar sarauniyar kyau, kimanin mutum 250 suka halaka, sannan ga na bayan zaɓen Afrilun 2011. A irin waɗannan ranaku dokar hana fita ta kulle dangi a gida, maƙwabta sun watse, gawa tana kwance a titi ba a san mai ita ba. Tsarin da ya dogara da zumuncin unguwa ya tsaya cik. Waɗanda suka fita su ne 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da na Fityanul Islam da na Izala, da ma'aikatan Red Cross, sai masu haƙa da ke jiran su a makabarta. Su suka sauke wa gari duka farillar da ke kansa, suna kallon abin da ido ba ya mantawa. Bayan 2000 kogin ya zama iyaka, Musulmi da yawa suka ƙauro arewa, Kiristoci da yawa suka koma kudu, kowane ɓangare ya bar kaburburan iyayensa a ƙetare. Rigasa da Hayin Banki da sauran unguwannin gefe suka kumbura, makabartun arewa suka ɗauki nauyin da ba don shi aka yanka su ba.

Kada kuma a ɗauka al'adar tsaye take wuri ɗaya tun zamanin Shehu. A da kashe kuɗin Bahaushe a kan mutuwa bayan binnewa yake farawa: zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, a daka gumba, a toya waina, a raba goro. Kaduna ce cibiyar yaƙi da wannan. Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya riƙe muƙamin alƙalin alƙalan Arewa daga 1962, ya yi shekaru yana tafsiri a masallacin Sultan Bello, Rediyon Kaduna tana kai muryarsa har Nijar da Gana, kuma ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ɗauki waɗannan sadakoki a matsayin bidi'a. Malaman ɗariƙu sun mayar da martani cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, sanya musu rana kuma tsari ne kawai. Ba aikina ba ne in raba wannan gardama. Abin da ya dame ni shi ne mun shafe sama da shekara arba'in muna muhawara a kan abin da za a dafa ranar arba'in, ba mu ware ko huɗubar Juma'a ɗaya mai ƙarfi ga haƙƙin wanda ya fasa ƙasa ranar farko ba. Kasuwar da muka kora ta ƙofar gaba kuwa ta zagayo ta baya. Yau a gidan mai hali ana hayar rumfa da kujeru, ana sauke katan-katan na ruwa, ana dafa wa masu ta'aziyya abinci kwana uku. Ana biyan motar ɗaukar gawa, ana biyan ɗakin ajiye gawa idan rasuwar ta zo da dare a asibiti. Mai rumfa yana da farashi, direba yana da farashi, mai yadi a kasuwar Sheikh Gumi yana da farashi. Mutum ɗaya ne a duk wannan jeri ake sallama da "Allah ya ba da lada", kuma shi ne wanda aikinsa yake cikin farillai huɗun.

Ga hujja ta farko da ake kawowa ta ƙin biyan mai haƙa, kuma ba ta banza ba ce: aikin lada ne, idan kuɗi ya shiga ikhlasi ya fita, kuma masu yin aikin da kansu sukan ce don Allah suke yi. Na yarda da gaskiyar niyyarsu. Amma niyyar mai aiki ba ta sauke haƙƙinsa daga kan wanda aka yi wa aikin. Malaman Malikiyya da muke karantawa ba su ga karo tsakanin lada da ladan aiki a nan ba. A babin ijara sun hana karɓar kuɗi a kan ibadar da ta hau kan mutum shi kaɗai, suka halatta a kan farillar kifaya irin wankan gawa da ɗaukarta da binne ta, suka ware sallar kawai. A babin gado kuma sun sa kuɗin suturar mamaci gaba da biyan bashinsa na yau da kullum, gaba da wasiyya, gaba da rabon magada. Idan bai bar komai ba, nauyin ya koma kan wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, sannan baitulmali, sannan jama'ar Musulmi. Ma'ana, shari'a ta san sutura tana cin kuɗi, ta kuma faɗi aljihun da za a ciro shi. Ba ta ce a ɗora shi kan talakan da ya fi kowa kusa da shebur ba. Muna biyan limami, muna biyan malamin Islamiyya, ba mu ce ladansu ya zube ba. Wanda ya ce kuɗi zai ɓata niyyar mai haƙa, ya fara tambayar kansa ko tsoron ɓata niyyar ne ya hana shi bayarwa, ko kuwa arahar ce ta yi masa daɗi.

Hujja ta biyu daga ɗaya gefen take zuwa: tunda aikin ya zama na ƙwararru, a bar 'yan kasuwa su buɗe gidajen jana'iza, mai so ya biya, a huta da roƙo. Masu wannan ra'ayi suna da misalai. A London wani Musulmi mai suna Taslim Ali ya kafa Haji Taslim Funerals a 1960, iyalinsa suka gaje shi, suna aiki a gefen babban masallacin gabashin birnin, kuma babu malamin da ya ce haramun suke ci. A Kaduna ma maƙwabtanmu Kiristoci sukan ajiye gawa har dangi su taru, a kai ta garin asali, don haka masu akwati da masu motar gawa suna yi musu hidimar da suke buƙata da gaske, ba abin raini ba ce. Amma a lura da abin da ya sa waɗannan suka zama dole. A Ingila ba a binne mutum sai da takardun hukuma, wani lokaci sai an yi binciken gawa, filin kabari kuma saye ake yi. Jinkiri ne ya dawo, shi ya kawo ɗan kasuwa. A Tudun Wada babu wannan jinkiri, don haka kamfanin da zai rayu a nan dole ya ƙirƙiro abin sayarwa: likkafani mai daraja ta ɗaya da ta biyu, kabari kusa da ƙofa da na can ƙurya, gini da suna da fenti. Tarihin Amurka ya nuna inda wannan hanya take kaiwa, domin sai da aka yi shekara ɗari da kafa ƙungiyar masu sana'ar kafin hukuma ta iya tilasta musu faɗin farashi a fili. Mai makoki shi ne mafi raunin masu ciniki. Ba ya taya, ba ya zaga kasuwa, yana jin kunyar a ce ya yi wa mahaifinsa rowa. A garin da yawancin mutane ke neman na yau da ƙyar, buɗe wannan ƙofa zai sa talaka ya ci bashi don ya binne ɗansa, kuma daidaiton nan na yadi ɗaya da rami ɗaya zai tafi.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi a wurina: wace gwamnati za a dogara da ita? Albashin da shugaban ƙaramar hukuma ya bayar yau, wanda ya gaje shi na iya yankewa gobe. Haka ne. Amma wannan dalili ne na ɗaure abin da doka, ba na barinsa ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa kafa makabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a jeri ɗaya da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta. Ba alfarma ba ce shugaba yake yi, aikinsa ne. Kuma hukuma tana da ribar da ba ta lura da ita ba. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, masu haƙa kabari a Kano ne suka fara faɗa wa duniya cewa mutuwa ta yi yawa fiye da ƙima, tun hukumomi suna musantawa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya tabbatar da mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, ya ce rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. A ƙasar da kaso kaɗan ƙwarai na mace-mace ke shiga rajistar Hukumar Ƙidaya, mutumin da ke bakin ƙofar makabarta shi ne kaɗai yake ganin kowa. A ba shi littafi da alƙalami da albashi, an sami ma'aikacin lafiyar jama'a da babu kamarsa. Inda hukuma ta gaza kuma, Musulunci yana da tsohuwar hanyar da ba ta jiran zaɓe, wato waƙafi. Attajiran da ke gasar gina masallaci a layin da yake da masallatai uku, da ɗayansu ya tsayar da shaguna biyar ya ce kuɗin hayarsu na ma'aikatan makabartar Unguwar Sarki ne ko ta Tudun Wada har abada, da ya yi sadaka mai gudana wadda shi kansa zai ci moriyarta ranar da aka ɗauko shi.

Akwai kuma waɗanda ko rahoton BBC bai kai gare su ba, wato matan da ke wanke gawar mata. A kowace unguwa akwai tsohuwa ɗaya ko biyu da ake bugun ƙofarsu da tsakar dare. Ba su da ƙungiya, ba su da suna a takardar kowa, sau da yawa ba su da safar hannu ko da cutar da ta kashe mamaciyar mai yaɗuwa ce. Duk tsarin da za a yi, idan ya tsaya a kan maza masu diga ya manta da su, rabin aikin aka gyara.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin garin da ke da jami'o'i da barikoki da gidajen tsofaffin shugabanni ba. Ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi su sa masu haƙa da masu wanka cikin kasafin kuɗi da cikakken mafi ƙarancin albashi, a rubuce, yadda sauyin shugaba ba zai shafe shi ba. A katange makabartu, a sa fitila da mai gadi, a ajiye rajista a kowace ƙofa. Gwamnatin jiha ta ware sabbin filaye tun kafin masu yanka fulotai su cinye gefen gari, domin unguwa takan tashi cikin shekara biyar, makabarta kuwa ba ta samuwa bayan an gama gini. Kwamitocin masallatai su tsayar da asusun sutura na wata-wata, kada a jira sai gawa tana ƙasa a fara zagayawa da hula. Kai kuma mai karatu, a rakiyar gawa ta gaba, bayan an shafa addu'a jama'a sun juya, ka tsaya ka nemi wanda ya haƙa ramin, ka tambaye shi nawa aka ba shi.